Wai da gaske ɗumame yana rage tumbi?

Maman_Khairat: Assalamu alaikum jama'ar gidan ga. Don Allah masu ilimi ku hidda ni duhu. Ƙanwar maigidana ta turo min wani bidiyo jiya, wata mata tana cewa in anka dahwa shinkahwa, anka bari tak kwana cikin firij, sa'annan anka ɗumama, rabin abin da ka sa ƙiba ya tahi, kuma tana gyara hanji. Wai sitacin da ke ciki na ka sauya kama. Ni tun haihuwar autana kilo 91 nike. Na bar cin abincin dare har na gaji na koma, ga shi sai in yi kwana ukku ban zaga ba. In zancen ga gaskiya na, ashe ɗumamen da mu ka rainawa shi am magani? Ko ko irin zancen masu biɗar mabiya na?

Basakkwace_Kanwuri: Wa alaikumus salam. In da ɗumame na rage tumbi, da yanzu iska na ɗaukata. Shekara 40 kullum sahe shi ni ka karyawa da shi, tumbina ko shina nan awa tulu.

Yar_Illela: Sitaci kuma? Wanda mu ka sa ma shadda? To mu sha na wanki mana mu huta.

Malam_Kemistare: @Yar_Illela, wasa kike amma kin taɓo gaskiya. Sitacin wanki daga rogo ko masara ake fitar da shi, kuma irinsa ne a cikin shinkafa da gero da dawa da dankali. Ki tuna yadda yake idan kin dama shi da tafasasshen ruwa: ya kumbura, ya yi laushi, ya yi yauƙi. Ki ajiye shi ya huce, sai ya daskare. Haka malmalar tuwo, da daddare laushi, da safe ta yi tauri har tana tsattsafo da ruwa. Zaruruwan sitacin da zafi ya warware ne suka sake haɗuwa suka ƙulle. Wani kaso daga cikinsu yana ƙullewa tam, har ruwan narkar da abinci na ƙaramin hanji ya kasa kwance shi. To wannan kason ba ya zama suga ya shiga jini, wucewa yake babban hanji yadda yake. Wani masani a Kambirij ta Ingila, Hans Englyst, shi da abokan aikinsa ne suka raɗa masa suna a 1982, kuma idan za a faɗi sunan da Hausa sai a ce sitaci mai gardama. Ɗumamawa ba ta kwance ƙullin duka, don haka ba dole sai an ci da sanyi ba. Har nan matar bidiyon ba ta yi ƙarya ba. Maganar rabi ce ban yarda da ita ba.

Maman_Khairat: To Malam, in ya wuce babban hanji mi shi ka yi can? Ba shi zai ƙara toshe ni ba?

Nas_Hauwa: A'a Maman Khairat, akasin haka ne ma. Babban hanji cike yake da ƙwayoyin bakteriya, tiriliyoyi, kuma akasarinsu aiki suke mana. Abincinsu shi ne duk abin da ya kuɓuce wa narkewa a sama. Idan wannan sitaci ya iso musu sai su tsimar da shi, kusan yadda madara ke komawa nono, su fitar da wasu sinadarai. Wanda aka fi magana a kansa shi ne butiret, don shi ne abincin da fatar cikin babban hanji ta fi dogara da shi. Sannan bahaya yana ƙara yawa da laushi. Amma kwana uku ba ki zaga ba, a wannan zafin na Afrilu, tambayar da zan fara yi miki ita ce ruwa nawa kike sha a yini, kuma yaushe rabonki da ganye.

Akanta_Gwiwa: Ni ba likita ba ne, lissafi ne sana'ata, to bari in yi abin da na iya. A 2015 an auna farar shinkafa a Indonesiya. Wadda aka sauke yanzu tana da giram 0.64 na wannan sitaci a kowane giram 100. Wadda ta yi awa 24 a firij aka ɗumama tana da giram 1.65. Mai son cika baki zai ce ya ninka fiye da sau biyu, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ƙarin giram 1 ne kacal. A ce farantin Maman Khairat giram 300 ne, ƙarin giram 3 ke nan. Kalori shi ne ma'aunin kuzarin abinci, wanda rararsa ke zama ƙiba. Sitacin da aka saba yana ba da kalori 4 a giram, mai gardama yana ba da kamar 2. Ribar faranti guda: kalori 6, daga cikin kusan 390. Ƙwayar suga ɗaya ta kwali ta fi haka ninki biyu. Cokalin mai babba guda kalori 120 ne, kuma duk mun san cokali nawa ake malalawa a shinkafa da mai da yaji. An bar jaki ana dukan taiki.

Basakkwace_Kanwuri: Akanta ya gama da mu. Ni ƙwara biyar ni ka jehwa ma shayina, ashe nan gizo ka saƙa.

Malam_Kemistare: Madalla da lissafi. Zancen rabin ma an san inda ya fito. A 2015 ɗin dai, wani ɗalibi daga Siri Lanka ya kai sakamakon gwajinsa wani taron masana kemistare a Amurka. Ya dafa shinkafa da ɗan man kwakwa, ya sa a firij awa 12, ya auna a ɗakin gwaji, ba a jikin mutane ba. Ya ce idan aka dace da irin shinkafar ragin yana iya kaiwa rabi. Jaridu suka yar da "idan" da "yana iya", suka riƙe "rabi". Shi ne har yau yake yawo a wayoyinmu.

Sadiq_Jami'a: Malam da Akanta, da girmamawa, kada kuma a zubar da abin gaba ɗaya. Akwai gwajin da aka yi a Shanghai ta Sin, aka buga a 2024. Mutum 37 masu ƙiba aka riƙa ba giram 40 na wannan sitaci kullum har mako 8, suka rage kilo 2.8 a matsakaici, jikinsu kuma ya ƙara jin insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. An ga wata bakteriya mai amfani ta ƙaru a hanjinsu. Wannan a jikin mutane ne, ba ɗakin gwaji ba.

Akanta_Gwiwa: @Sadiq_Jami'a ƙanena, na yarda. Yanzu raba 40 da 1.65. Sai Maman Khairat ta ci kusan kilo 2 da rabi na shinkafar jiya kullum kafin ta tara giram 40. Wannan ba rage ƙiba ba ne, kiwo ne.

Sadiq_Jami'a: Haka ne Yaya, su gari aka ba su na wata masara ta musamman, suna damawa da ruwa, kuma abincinsu duka masu binciken ne suka auna musu. Mutum 37 ma ba yawa ba ne. Abin da nake nufi dai, sitacin yana aiki idan ya kai yawa. Tambayar ita ce ta ina za mu samo shi a abincinmu na nan.

Hajiya_Inna_Mabera: Jikata ta ka karanta min zancenku, nic ce ta rubuta min nawa. Ɗiyana, mu da munka tashi ba mu san firij ba. Gero a ka surhewa a turmi, a bakace, a wanke, a daka, a yi hura. Hurar ga dahwa ta a kai, a kirɓa, ta huce, sa'annan a dama da nono, mutum ya sha da hantsi ya kai la'asar bai biɗi komi ba. Ba mu sa mata suga. Tuwon dawa in ya kwana a ɗumama, wanda yar rage a jiƙa a sha ruwanai. Ƙanzo ba a zubarwa, shanya shi a kai, ran da anka so a jiƙa a yi ɗatu da ƙuli da albasa. Ga hoce, ga wake da gujiya. Ban taɓa jin uwata ta yi kukan cikinta ya ɗaure ba. Yanzu ko gari sai an kai inji an tankaɗe har ya koma awa hoda, dussa a ba tumaki. Tumakinku na lahiya, ku kuna asibiti.

Yar_Illela: Allah shi ja da ran Inna. Wallahi zancen tumakin ga ya shige ni.

Nas_Hauwa: Inna ta faɗi abin da muke faɗa a wurin aiki, ta ma fi mu iya faɗa. Sai dai Inna, a ƙara da cewa ku kuna daka da surfe da ɗebo ruwa. Mu daga kujera sai Keke Napep.

Malam_Kemistare: Kuma a kimiyyance maganar Inna tana da tushe. Ba sanyaya abinci ne kaɗai hanyar samun wannan sitaci ba. Akwai wanda yake ɓoye a cikin ƙwayar hatsi ko wake da ba a niƙe ta liƙis ba, ruwan narkewa ba ya isa gare shi. Shi ya sa tsaki da burabusko da dambu ba ɗaya suke da tuwon garin da aka tankaɗe ba, ko da daga buhu ɗaya suka fito. Wake kuwa ya fi shinkafar firij nesa ba kusa ba, ga faiba, wato ɓangaren hatsi da ganye irin dusa da ciki ba ya narkarwa, ga furotin mai gina jiki, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma irin waken nan namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a yini. Da farar shinkafa da taliya da burodi ba za a kai ko kusa ba.

Sadiq_Jami'a: Akwai wanda zai yi wa Inna daɗi. An yi musayar abinci na mako 2 tsakanin baƙaƙen fata 20 na Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu, aka buga a 2015. Na Amurka suka koma cin abinci irin na ƙauye, tuwon masara da wake da ganye. Butiret ɗin da Anti Hauwa ta ambata ya ninka kusan sau biyu da rabi a hanjinsu, alamun kumburin fatar hanji suka ragu. Na ƙauyen da aka ba soye-soye da nama mai kitse, nasu ya juye ya lalace. Mako 2 kawai.

Basakkwace_Kanwuri: Wake dai? Ku yi min rai. Ran da nic ci wake da dare ɗaki ba ya zamnuwa, kuma kun san tusa ba ta hura wuta.

Nas_Hauwa: Kawu, iskar nan shaida ce bakteriyar sun samu abinci. Idan ciki bai saba ba dole ya yi ƙugi. A fara da kaɗan, ludayi guda a cikin shinkafa, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu ko uku. A jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan jiƙon kafin a ɗora, yana rage abin. Wanda dama yake da ciwon hanji mai yawan kumburi da murɗa, shi kam ya bi a sannu, wani yana ƙara masa.

Ummu_Affan_Kayan_Gyara: Masu son sauƙi akwai garin ɗanyar ayaba a wurina, yana narkar da tumbi cikin kwana 7 da yardar Allah, ana dama shi kamar kunu. A yi min magana ta ciki, muna kaiwa har Birnin Kebbi da Gusau.

Admin_Rukayya: Ummu Affan, ranar talla Asabar ce. Wannan gargaɗi na biyu ke nan.

Malam_Kemistare: Tun da an kawo, bari in ce wani abu. Ɗanyar ayaba da ɗanyar agada suna da wannan sitaci da yawa, gaskiya ne, kuma suna nuna yake komawa suga. Amma nasu irin wanda wuta ke kashewa ne. Da zarar an dama garin da tafasasshen ruwa kamar kunu, akasarinsa ya zama sitacin kowa da kowa. Kwana 7 kuma, Allah ya ba mu haƙuri.

Ɗan_Kware: To in ɗanye a ka so, mu ci ɗanyen rogo mana, ga shi nan banza a hwadama.

Nas_Hauwa: Kul! Kada wanda ya gwada. Ɗanyen rogo, musamman mai ɗaci, yana da guba mai suna sayanaid, shi ya sa ake jiƙa shi a shanya ko a dafa sosai. Yana kisa, yara sun fi saurin tafiya.

Uwargidan_Arkilla: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Kowa na cewa firij, firij. Wane firij? Namu ya zama kabad, kofuna nake jerawa a ciki. Bara a irin wannan lokaci aka kawo mana shinkafar biki a kula da la'asar, na bar ta a rufe, da safe na ɗumama ta har tana tururi na ba yara. Kafin azahar su uku suna ta amai, ƙaramar sai da aka ƙara mata ruwa a asibiti. Ba ta yi wari ba, ba ta yi yauƙi ba. Don haka masu cewa a kwanar da shinkafa su riƙa faɗin sauran zancen.

Nas_Hauwa: Sannu Anti, Allah ya kiyaye gaba. Wannan shi ne abin da na fi tsoro a bidiyoyin nan. Akwai wata bakteriya, Basilus siriyus, da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona. Ƙwanta ba ya mutuwa a tukunya. Idan shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ya farka ya hayayyafa ya zuba guba, kuma gubar ba ta jin wuta, ko sau nawa aka ɗumama tana nan. Amai yakan fara cikin awa 1 zuwa 6. Kula kuwa ita ce ɗakin haihuwarsu, don tana riƙe abinci a daidai ɗumin da suke so. Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa 1. Mu nan yanzu muna haura 40. Mai sola ko tsayayyiyar wuta ta baza shinkafar a faranti mai faɗi ta huce da wuri, ta sa a firij, ta ci washegari, ɗumi ɗaya. Wadda ba ta da shi ta haƙura, kalori 6 na Akanta bai kai kwanan asibiti ba.

Hajiya_Inna_Mabera: To mu da mu ka kwanad da tuwo shekara da shekaru ba firij, mi yah hana mu mutuwa?

Malam_Kemistare: Ranki ya daɗe, ina jin amsar tana cikin tukunyarku. Tuwon dawa da ruwan tsamiya kuke tuƙawa, kuma tsami yana hana irin wannan bakteriya sakewa. Fura ma nono mai tsami ne abokin tafiyarta. Ƙanzo kuwa busasshe ne, babu damshin da za su rayu a ciki. Sannan malmala a buɗaɗɗen akushi a tsakar gida cikin ɗarin hunturu daban take da jalof mai nama da mai a rufe cikin kula a watan Afrilu. Duk da haka ba zan ce ba a taɓa yin amai da gudawa a zamaninku ba, sai dai a ce shawara ce ko sammu.

Hajiya_Inna_Mabera: Yaron ga akwai baki. Amma tsamiya kam gaskiya tai, tuwon da ba tsami bai kai sahe da bazara.

Alh_Manomi_Goronyo: Ni shinkahwa ni ka nomawa kuma ina da ciwon suga shekara 9, to ina da abin cewa. Na'urar gwaji na gare ni, na gwada da kaina. Tuwon shinkahwa shi ah hi ɗaga min suga, ko sabo ko ɗumame, bambancin bai taka kara ya karya ba. Shinkahwar gumi wadda ka dahuwa warara ta hi min dama. In niz zuba wake rabi da rabi, nan ni ka ganin bambanci na sosai. Ban san sunan sitacin ba sai yau, amma na'urata ta riga ku hwaɗa min.

Malam_Kemistare: Alhaji, gani ya kori ji. Shinkafar da ke dahuwa warara galibi ta fi yawan wani nau'in sitaci mai miƙaƙƙen zare, amilos, kuma shi ne mai ƙullewa idan ya huce. Ta tuwo mai danƙo ba ta da shi sosai, ga shi an tuƙe ta ta narke tun a tukunya. Gumi ma kansa dafawa ne da shanyawa, wato an riga an yi mata zagaye ɗaya na zafi da sanyi tun tana cikin ɓawonta.

Nas_Hauwa: Alhaji ya yi daidai da yake aunawa. Masu allurar insulin musamman su kula, an gwada a Folan an ga shinkafar da ta kwana tana iya sa sugansu ya faɗi ƙasa idan allurar ba ta canza ba. Kuma don Allah kada wani ya ajiye maganinsa ya ce ya koma ɗumame.

Yar_Illela: Ni abin da ka ba ni mamaki, rabin matan gidan ga rama su ka biɗa, rabi kuma na shan maganin ƙiba don kar a yi musu kishiya. Mu yi musaya mana.

Uwargidan_Arkilla: Ke dai bari. Maƙwabciyata ƙwayoyin nan ta sha, fuska ta kumbura kamar alkubus, ƙafafu kamar sillen kara.

Admin_Rukayya: Wancan zancen a buɗe masa nasa zaren, yana da tsawo. A koma kan tambayar Maman Khairat.

Akanta_Gwiwa: Ni dai ina nan kan bakata. A rage mai, a rage suga, a rage faranti. Sauran duk ado ne.

Sadiq_Jami'a: Ni kuma ban yarda ado ne ba, Yaya. Lissafinka na kalori ne kaɗai. Bai ƙirga ƙoshin da mutum ke ji ba, bai ƙirga abin da bakteriyar ke yi ba. Wanda ya sha fura da hantsi bai nemi komai ba har la'asar, ina za ka rubuta wannan a littafinka?

Akanta_Gwiwa: A shafin "abin da bai ci ba". Nan ma lissafi ne.

Maman_Khairat: Na dawo bayan kwana 6. Na gode ƙwarai da gaske. Shinkahwar firij ban yi ba, wutarmu ba ta kai awa huɗu. Wake ni ka sawa cikin abincin rana, na sa an barzo min gero ina yin burabusko, hura kuma ba suga, ko da yake ranar hwarko kamar in yi kuka. Cikina ya saki, alhamdu lillahi, kullum sahe ina zagawa. Sikeli ko bai motsa ba, 91 na nan daram. Maigida ya ce in wake na za a ci kullum shi zai koma cin abinci kasuwa. Inna, don Allah ɗatun ƙanzon ga, da ruwan zahi a ka jiƙawa ko na sanyi?

Hajiya_Inna_Mabera: Na ɗumi, ɗiyata, ki ruhe shi har ya yi taushi ki tsane. Amma ƙanzon dawa, ba na tukunyar jalof ba.

Basakkwace_Kanwuri: A gai da maigida, a ce mai ina bayanai.